Haɗin Kemis: Nazarin Abin da Ya Faru da Wani Tela a Katsina

Mutumin da wannan bayani ya shafa tela ne a cikin birnin Katsina, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai, da mata ɗaya da 'ya'ya shida. Shagonsa na wajajen Ƙofar Marusa, yana da yara uku da ke koyon ɗinki a hannunsa. Tela kawai zan riƙa ce masa. Kafin wannan lamari bai taɓa kwana a asibiti ba, ba a taɓa auna masa hawan jini ba, kuma da za ka tambaye shi zai ce maka shi ba mai shan magani ba ne. Da gaskiyarsa yake faɗa, domin a wurinsa mai shan magani shi ne wanda likita ya rubuta wa takarda.

Aman jini ne ya kai shi asibiti, cikin goman ƙarshe na wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara. Bayan an sha ruwa ya koma shago, ya hau keke, sai jiri ya ɗebe shi. Yaransa suka kwantar da shi a tabarma, ya yi amai baƙi mai gudaji-gudaji, suka tare napep. A ɗakin agajin gaggawa aka auna jininsa, bai kai rabin abin da ya kamata a samu a jikin namiji baligi ba. Gwajin ƙoda ma ya nuna ta fara jigata. Likita ya tambayi 'yan uwa ko akwai maganin da yake sha, suka ce babu. Sai ƙaramin yaron shagon ya ce, "Sai dai haɗin da nike amso mashi kullum da dare."

Aka ce mene ne a cikin haɗin? Yaron bai sani ba. Matarsa ba ta sani ba. Shi kansa telan da ya farfaɗo bai sani ba, alhali ya fi shekara yana haɗiya.

Ni aikina harhaɗa magunguna, ƙanen telan kuma maƙwabcina ne, shi ya sa washegari sauran ƙulli ɗaya da aka samu a aljihunsa ya iso hannuna. Ƙwayoyi shida ne tsirara a cikin 'yar farar leda, an ɓare kowace daga katinta. Akwai farare biyu manya, da kafso guda, da wata mai ruwan ƙasa, da rawaya, da wata 'yar mitsitsiya da sai ka lura za ka gan ta a kusurwar ledar. Babu suna, babu ƙarfin magani, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC. Wanda ya daɗe a cikin sana'ar zai iya cankar wasu da ido, amma ba a yi wa mai zubar jini magani da canke, saboda haka muka nufi kemis ɗin.

Yadda abin ya faro

Ciwon baya ne, irin wanda kusan duk tela ya sani. Mutum ya wuni a duƙe kan keke, ya tashi ya duƙa kan tebur yana yanka, kujerar benci ce marar majingina. Da ciwon ya fara damunsa ya yi tunanin zuwa asibiti, sai ya yi lissafi: ya yanki kati, ya bi layi, a tura shi gwaji, ya dawo a ce likita ya tashi, wuni guda ya tafi, ga masu kaya suna jira. Kemis kuwa taku kaɗan ne daga shagonsa, yana buɗe har bayan sha ɗayan dare, mai shi kuma sahu ɗaya suke bi a masallaci.

Ya ce masa, "Dakta, bayana ke ciwo, jikina duk ya yi tsami." Tambayar da aka yi masa guda ɗaya ce: na nawa za a haɗa? Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan harkar gaba ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kanta a Katsina ko Daura ko Funtuwa ya ji ta. Aljihu ne ke yanke yawan magani. Mai ɗari biyu a ba shi ƙwaya uku, mai ɗari biyar a cika masa tafi. Ba a tambaye shi ko yana da olsa ba, ko hawan jini, ko wani maganin da yake sha.

A daren ya yi barci mai daɗi, ya tashi garau. Dole a faɗi wannan, don masu yi wa mutane faɗa kan shan magani barkatai sukan manta cewa haɗin yana aiki. Da ba ya aiki da tuni kasuwarsa ta mutu. Da farko sai ciwon ya motsa yake aikawa, daga baya ya koma duk daren da aiki ya yi yawa, daga nan ya zama kullum. Kuɗi ma ba sai ya biya nan take ba, akwai littafin bashi, ranar da ya samu ya rage.

Da azumi ya kama, ɗinkin Salla ya taru, ya koma kwana a shago. Sai ya ninka: ƙulli ɗaya bayan asham, ɗaya da sahur, sau da yawa a kan kofin shayi da ɗan burodi kawai, don barci ya fi abinci daraja a wurinsa a lokacin. Daga nan sai wuni guda ba ruwa, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Abin da ke cikin ledar

Mai kemis bai ɓoye mana ba. Ya sauko da kwalayen ɗaya bayan ɗaya ya jera a kanta. Diclofenac. Piroxicam. Kafson da ya haɗa ibuprofen da paracetamol da sinadarin caffeine mai wartsake jiki. Paracetamol kuma daban. Rawayar bitamin B ce. 'Yar mitsitsiyar nan dexamethasone.

Uku daga ciki, wato diclofenac da piroxicam da ibuprofen, 'yan gida ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi su kashe ciwo. Suna hana jiki samar da wasu sinadarai da ake kira prostaglandin, masu jawo zafi da kumburi. Matsalar ita ce waɗannan sinadaran su ne kuma ke sa ciki ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narka abinci, su ne ke buɗe hanyoyin jini zuwa ƙoda musamman lokacin da jiki ya rasa ruwa. Idan aka toshe su kullum, bangon ciki zai zauna ba kariya, ƙoda kuma jini zai ragu mata daidai lokacin da ta fi buƙata. Shi ya sa ƙa'ida ta hana haɗa biyu daga wannan gida a lokaci guda: sauƙin ciwon ba ya ƙaruwa yadda ake zato, illar ce ke ƙaruwa. Iyakar diclofenac ga babba miligiram 150 ne a wuni, piroxicam kuwa 20, kuma tun shekarar 2007 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a fara da piroxicam wajen maganin ciwo saboda yadda yake cin ciki. Telan nan yana shan ukun tare, sau biyu a dare.

Dexamethasone kuma wani babi ne. Magani ne mai ceton rai a hannun wanda ya san shi, amma idan aka ɗora shi kan waɗancan ukun haɗarin zubar jini daga ciki yana ƙaruwa sosai. Yana ɗaga suga, yana ɗaga hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, yana kumbura fuska. Yana cikin irin ƙwayoyin da 'yan mata ke nema da sunan sha-ka-fashe. Abin da ya fi ɗaure kai, wanda ya daɗe yana sha ba a tsayar masa da shi rana ɗaya, domin jikinsa ya rage samar da nasa irin sinadarin, sai an riƙa ragewa a hankali. Da ba a gano yana cikin haɗin ba, da likitoci sun yanke shi ba da saninsu ba, a kan mutumin da jininsa ya riga ya yi ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da rashin suna a jikin magani ke jawowa.

Alamun da aka yi wa gurguwar fassara

Jikinsa ya daɗe yana ba da sanarwa, kowace alama kuma sai ta koma kemis ta dawo da sabon magani.

Ƙwannafi ya fara zuwa, da zafi a ƙahon zuciya. Aka ba shi farin ruwan nan na kwalba, ya riƙa kurɓa, zafin ya lafa, gyambon ya ci gaba da aikinsa. Fuskarsa ta ciko, abokan hira suka riƙa tsokanarsa wai ɗinki ya karɓe shi. Cikin azumin sai kasala da jiri da bugun zuciya in ya miƙe tsaye. Mai kemis ya ce maleriya ce da taifot, ya ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku da ciprofloxacin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da an ɗiga jini a kan 'yar na'urar gwajin nan da ba ta wuce minti 15 zuwa 20 ba. Telan bai yi zazzaɓi ba ko na kwana ɗaya.

Wannan tagwayen suna, maleriya da taifot, ya zama amsar duk wata gajiya a ƙasar nan. Gaskiya ne Najeriya ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, don haka zargin ba daga sama ya faɗo ba. Amma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani, kuma mun ga abin da ya sami kulorokwin, wanda aka sha har ya daina aiki, ƙasar ta sauya zuwa sabbin magungunan maleriya da ake kira ACT a 2005. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ma hanyar da suke bi ke nan. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Ciprofloxacin ɗin da telan ya sha kwana biyu ya ajiye ɗigo ne a cikin wannan.

Da jirin bai tafi ba, aka ce jininsa ne ya yi ƙasa, wanda gaskiya ne, aka ba shi tonik na ƙarin jini. Ba wanda ya tambayi inda jinin ke tafiya. A nan ne aka yi rashin sa'a mafi muni. Bayan gidansa ya koma baƙi, ya tsorata, ya je ya faɗa a kunyace. Mai kemis ya kwantar masa da hankali cewa aikin tonik ne. Kuma haka ne, maganin da ke da sinadarin ƙarfe yana baƙanta bayan gida. Sai dai na mai zubar jini daga ciki daban yake: baƙi ne mai sheƙi da danƙo kamar kwalta, da wani irin wari mai tsanani da wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Matarsa ta lura da warin a bayi, ta ce, "Malam, anya lafiya kuwa? Ka je a duba ka mana." Ya ce bayan Salla.

Mai kemis

Saurayi ne mai ladabi, bai kai talatin ba, ya yi shekaru yana yi wa wani ubangida tsaron shago kafin a sallame shi ya buɗe nasa. Kayansa daga Kano yake sarowa, inda a 2024 aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyar Dangwauro. Lasisinsa na rataye a bango. Da na yi masa bayanin abin da ukun nan ke yi idan sun haɗu, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi yallaɓai haka na taras ana haɗawa. In na ba mutum guda ɗaya sai ya ce ban iya ba."

Ban ga mugunta a tare da shi ba. Abin da na gani shi ne mutumin da aka koya wa wace ƙwaya ke tafiya da wane ƙorafi, ba a koya masa abin da take yi a jiki ba. Lasisin da hukumar PCN mai kula da harkar sayar da magunguna ke ba irin waɗannan shaguna ya taƙaita ne ga magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, a sayar da su cikin mazubinsu na kamfani. Bai ƙunshi allura ba, bai ƙunshi ƙarin ruwa ba, bai ƙunshi dexamethasone ko ciprofloxacin ba. Ke nan ɓare ƙwayoyi a cakuɗa a leda shi kansa ya saɓa wa sharaɗin takardar da ke rataye a bangon. Hukumar kan fito lokaci-lokaci ta rufe shaguna, amma an daɗe ana ƙiyasta yawansu a ƙasar da kusan 200,000, masu duba su kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Ina ganin kuskure ne a ɗauki mai kemis a matsayin abokin gaba. A ƙauyuka da dama na ƙananan hukumomi 34 na jihar nan, musamman inda rashin tsaro ya kori ma'aikata, shi ne kaɗai fitilar da ke kunne idan yaro ya fara zafin jiki da tsakar dare. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa idan yaro ya yi zazzaɓi aka fita neman magani, kemis ne wurin da aka fi zuwa. Akwai kuma abubuwan da ya dace mutum ya yi wa kansa: paracetamol na kwana biyu don ciwon kai, ruwan gishiri da suga da zinc ga yaro mai gudawa. Inda aka ƙetare iyaka shi ne maganin da ba a san sunansa ba, da wanda aka mayar na kullum, da alamar da ta dawo sau biyu sau uku ana rufe ta da wata ƙwaya.

Batun kuɗi ba sai an tsawaita ba. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya yake fita. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar naira, da sanarwar kamfanin magunguna na GSK a watan Agusta na wannan shekarar cewa zai daina harkarsa kai tsaye a ƙasar, farashin magunguna ya yi tashin da ya sa mutane da yawa suka daina sayen kati guda, suka koma ƙwaya-ƙwaya. Dokar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, jihar Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma telan nan bai taɓa jin cewa mai sana'ar hannu na iya shiga ba. A zatonsa abin na ma'aikatan gwamnati ne.

Jinya da abin da ya biyo baya

An ƙara masa jini, ƙanensa da babban yaron shago suka bayar. Aka sa masa omeprazole, maganin rage ruwan tsamin ciki, ta jijiya da ƙarin ruwa, aka tsayar da duk magungunan ciwon, aka tsara yadda za a janye dexamethasone sannu a hankali. Da ya samu ƙarfi aka tura shi inda ake da na'urar leƙa ciki, aka ga gyambon, aka kuma samu ƙwayar cutar H. pylori, wadda ta yi yawa a arewacin ƙasar nan kuma ita ma tana haddasa olsa. Wato tun farko cikinsa ba irin wanda za a ɗora wa waɗannan magunguna ba ne. Bayan jininsa ya dawo sai hawan jini ya bayyana, wanda ba wanda zai iya cewa tun yaushe yake tare da shi. Ƙodar ta farfaɗo ba tare da an kai ga wanki ba, amma an ce ya riƙa komawa gwaji.

Salla ta same shi a gado. Yaransa suka ƙarasa abin da suka iya, sauran shaddodin aka mayar wa masu su ba a ɗinka ba, wasu suka yi uzuri, wasu ba su sake dawowa ba. Ya sayar da keke ɗaya ya biya kuɗin jinya. Ciwon bayan kuwa, wanda shi ne mafarin komai, da aka duba ba wani abu ne mai tsanani ba. Aka koya masa motsa jiki, aka ce ya samu kujera mai majingina, ya riƙa miƙewa yana takawa duk bayan ɗan lokaci, in ya matsa ya sha paracetamol kawai. An rubuta masa sunayen magungunan da ba zai sake sha ba a wata takarda, yana yawo da ita a aljihu. Daga baya ya fito fili cewa biyu daga cikin yaran shagon su ma suna shan haɗin a daren aiki, koyi da maigida.

Da mai kemis kuma mun yi yarjejeniya kan abu uku da ba za su ci masa ko sisi ba: kada ya haɗa biyu daga gidan diclofenac, ya cire dexamethasone daga haɗin ciwon jiki, ya kuma bar kowace ƙwaya a jikin katinta ya yanko da almakashi ta yadda sunan zai fito, in bai fito ba ya rubuta. Ya ƙara da tambayar olsa da hawan jini kafin ya miƙa. Ya riƙe alkawarin, na shaida. Da na sake bi ta wurin ya gaya mini cewa masu buga bulo da 'yan dako da ke zuwa da magariba sun fara cewa haɗinsa ya yi sanyi, kuma da yawansu sun koma wani kemis da ke gaba kaɗan a kan layin.